Abin da Na Gani Ranar Wankan Lariba

Maamobi, Akara
Laraba, sha ɗaya ga watan Rajab

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zuwa ga ƙanwata Rafi'atu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da so da begen ganinki, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Latif da yaran, Ya kare ku daga sanyin New York da ake ta ba mu labari, Ya sa albarka a aikinki na kula da tsofaffin mutane. Mu nan muna cikin rufin asirin Allah. Ƙafar Yaya Amidu ta yi sauƙi, har ya koma zuwa masallaci da kansa. Matar ɗan'uwanmu Rafiq ta sauka lafiya, mace aka samu, an mayar da sunan mahaifiyarmu marigayiya Mma, kuma duk wanda ya ga goshin yarinyar sai ya tuna da ita. An gyara kwanon ɗakin tsakiya da ke yoyo. Famfo kuwa yau kwana tara bai kawo ruwa ba, amma wannan ba sabon labari ba ne a wurinki.

Za ki yi mamakin ganin takarda daga wurina alhali kullum muna magana a waya. Alhaji Husseini ne zai tashi gobe Alhamis, na roƙe shi ya danƙa miki ita hannu da hannu ranar Juma'a, kada ya ba kowa ajiya, ko Latif. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san da allo na tashi, bokon nan da girmana na koye shi. Sau biyu ina ɗaukar waya don in faɗa miki abin da ke cikin nan, bakina yana ƙi. Saƙon murya kuma ba na yarda da shi, yau yana wayarki, gobe yana wayar mutum arba'in. In kin gama karantawa ki ƙona ta.

Kin tuna saƙon muryar da kika sa a wasap ɗin ƙungiyarmu ta 'yan yayi bayan Babbar Sallah, tare da hotonki cikin leshi ruwan toka? Kika ce likitocin da ke duba ciwon sukarinki sun sa ki cikin masu gwajin wata sabuwar allura, sau ɗaya a mako, sukarinki ya sauka, jikinki ya yi sauƙi, har kina hawa bene ba kya haki. Kika ce allurar nan ta cece ki. Na san godiyar Allah kike yi, ni ma a ranar har sujada na yi. Amma Rafi'atu, saƙon nan bai tsaya inda kika ajiye shi ba. Ba a yi wata biyu ba sai ga Adisa, magajiyar ƙungiya, da wasu 'yan ƙananan kwalabe masu farin gari a ciki, ta ce irin taki ce, wani ne ya sayo mata ta intanet. A firij ɗin da take sanyaya zoɓo take ajiye su. Duk ranar Lahadi bayan la'asar mata kan taru a ɗakinta, ta dama garin da ruwa, ta ja a sirinji, mutum huɗu ko biyar a kwalba ɗaya, kowace ta ɗage riga a yi mata a gefen cibiya. Wadda take gaggawa sai a ƙara mata layi ɗaya ko biyu a sirinjin. Duk wadda ta nuna tsoro, muryarki ake kunna mata. Ni duk wannan daga baya na san shi, don ba a gayyatar irina.

Kin san Lariba mai waakye, shinkafa da waken nan, ta bakin babbar kwata, matar Imoro direba, wadda kuka yi makarantar allo tare. Kin san girman jikinta, da dariyarta da ake ji tun daga titi. Cikin wata huɗu matar nan ta zube. Mutane suna ta yi mata barka, ita kuma tana juyi a gaban tukunya tana cewa a kalle ta da kyau, amarya ce. Mai sayar da abinci, amma aka ce sai ta wuni ba ta kai loma uku ba. Makonni shida da suka wuce ta kama amai da ciwon ciki mai ratsawa har baya, kwana huɗu tana gida ana cewa gyambon ciki ne, ranar na biyar aka ɗauke ta a tasi, ba ta kai asibiti ba. Kin ji rasuwar, har kin aiko da ta'aziyya. Abin da ba ki ji ba shi ne wanda ke tafe.

Ni aka kira wankan gawar, kamar kullum. Shekara goma sha tara ke nan ina wannan aiki tun da Hajiya Asana ta ɗora hannuna a kai, kuma abin da ta fara koya mini, kafin magarya da kafur, kafin yadda ake yanka likkafani, shi ne mai wanka ba ta da ido, ba ta da baki. Abin da ta gani a jikin mamaciya amana ce tsakaninta da Allah, da shi za a binne ta ita ma. Na wanke mata masu tabon duka, na wanke masu abin da mazajensu ma ba su sani ba, ban taɓa faɗa wa kowa ba, ke kanki shaida ce. Ranar nan na lulluɓe Lariba da zane yadda aka saba, na naɗe hannuna da ƙyalle, na sa a ƙarƙashin zanen don in matsa cikin a hankali. Sai na ji wasu ƙulli-ƙulli masu tauri a ƙarƙashin fata, zagaye da cibiya. Ya kamata in wuce. Ban wuce ba, Allah Ya gafarta mini, na ɗaga gefen zanen na duba. Tabon allura ne, sun fi goma sha biyar, wasu sun yi baƙi, wasu kore-kore, ɗaya ya kumbura ya yi ruwa. Ƙanwarta da ke zuba mini ruwa tana kuka, ba ta lura ba. Na mayar da zanen, na gama, na yi mata kitso uku. Farin yadin da suka sayo, da tsohon jikinta suka auna, sai da na rage kusan kamu biyu. Kafin azahar an kai ta. Ba wanda ya bincika komai, kin san mu ba ma barin gawa ta jira.

Ina so ki fahimce ni da kyau, don ina tsoron ɗaukar alhakin kowa. Ban ce allurar ce ta kashe Lariba ba. Ban sani ba. Tana da sukari, tana da hawan jini, kuma kwananta ne ya ƙare. Abin da na gani kawai na faɗa. Da abin ya tsaya nan, wallahi da na tafi da shi kabarina.

Kwana goma bayan haka Najwa ta dawo daga shagon ɗinki da hantsi tana riƙe da ciki. 'Yarki ce, amma tun tana shekara shida da kika tafi take kwana a ɗakina, shekara ashirin ke nan, na san jikinta kamar tafin hannuna. Na lura ta rage ci, na ɗauka hidimar ɗinkin bukukuwa ce. Na ce ta kwanta in shafa mata man kaɗe. Ina ɗora hannu na ji ƙullin nan, iri ɗaya, a wuri ɗaya. Rafi'atu, hannuna ya gane kafin idona ya gani. Na ƙirga bakwai.

Ba ta yi mini musu ba. Ta ce a gwajin kyauta da aka yi a harabar masallaci an gaya mata sukarinta ya fara hawa. Ta ce ita ce ta riƙa wanke ƙafar Mma da sukari ya ci tana 'yar shekara goma sha biyar, har ranar da aka yanke ƙafar, kuma har yau in ta tuna warin sai abinci ya fita ranta, ba za ta zauna ta jira nata ba. Ta ce maganin da uwarta ke yi ne, ko ina nufin uwarta ƙarya take yi? Ta ce in na san mutum ɗaya, ɗaya tak, da allurar nan ta cutar, in faɗi sunansa, ita kuma ta rantse ba za ta sake komawa ba. Sunan yana kan harshena. Na dube ta, na ce ta sha ruwan ɗumi ta kwanta.

Washegari na je wurin Adisa. Na same ta tana ɗaura zoɓo a leda, na yi mata magana a hankali, na ce ta ji tsoron Allah ta dakata har a san abin da ke cikin kwalaben. Ta yi dariya ta kira maƙwabciyarta, wai ta zo ta ga mai wankan gawa ta zama dakta. Ta ce na saba da mutanen da ba sa musu, shi ya sa nake tsammani kowa zai kwanta in juya shi yadda nake so. Wai in aiki nake nema in yi haƙuri, nata mutanen ba su shirya ba tukuna. Na ambaci aman da Najwa ke yi, ta ce ai shi ne alamar magani yana aiki, ƙazanta ce ke fita. Ba na jin muguwa ce, Rafi'atu, ita ma tana yi wa kanta, ta ɗage riga ta nuna mini. Sunan Lariba bai fito daga bakinta ba, nawa ma bai fito ba, amma ta kalle ni wani irin kallo, ta san na sani, ta kuma san ba zan faɗa ba.

Daga nan na nemi Malam Kadiri bayan karatun mata na ranar Asabar. Ban faɗi suna ba, na ce wata mai wanka ce ta ga abu, kuma tana tsoron abin zai sami mai rai. Ya daɗe yana shafa gemu. Ya ce in ta tabbata abin da ta gani shi ne sanadi, to ran mai rai yana gaba, ta faɗa gwargwadon buƙata ga wanda ya kamata. In kuwa zato ne, ba a tona mamaci a kan zato. Sai ya tambaye ni ko ta tabbata. Na ce ba ta tabbata ba. Ya ce to ta nemi iznin iyalan, ta yawaita istihara. Na je wurin Imoro a tashar trotro, motocin hayar nan, na ja shi gefe. Ashe ya sani, shi yake kai ta gidan Adisa a mota. Babban mutum, ya tsuguna a bayan motarsa yana kuka kamar yaro. Ya ce in maganar ta fita za a ce matarsa ta kashe kanta don son kyau, za a ce shi ya raina jikinta, kuma 'ya'yansu mata uku da wannan za a riƙa nuna su. Ya haɗa ni da Allah, ya ce in bar masa ita yadda na naɗe ta. Na ce masa to.

Ranar Litinin ta makon jiya Najwa ta faɗi a shago, kusa da Kasuwar Malam Atta, tana tsakiyar yanka yadi. Kwana uku muka yi a asibiti ana yi mata ƙarin ruwa, ko kokon safe ba ya zama a cikinta. Lokacin da kika kira ta ce miki zazzaɓin sauro ne, ina zaune a bakin gadon, ina ji, ban gyara ba. Wannan ma ina neman gafararki a kai. Likitar wata yarinya ce mai haƙuri, tana jin Hausa kaɗan-kaɗan, muna haɗawa da Twi. Na kai mata kwalbar da na samu a jakar Najwa, babu komai a jikinta sai 'yan haruffa da lamba. Ta ce in abin da take zato ne, ba irin alluran rage ƙiba da aka sani ba ne. Waɗancan wuri ɗaya ko biyu suke taɓawa a jiki, wannan uku yake taɓawa lokaci guda: abin da ke gaya wa mutum ya ƙoshi, da abin da ke daidaita sukari, da abin da ke sa jiki ya ƙona kitsen da ya tara. Ta ce har yanzu gwaji ake yi, kuma irinku da ke cikin gwajin da kaɗan ake fara muku, ana auna jininku, ana dubanku, in an ga wata alama a tsayar. Na kwalbar nan kuwa ita ba ta san abin da ke ciki ba, ba ta san ƙarfinsa ba, ba ta san ko da tsabta aka haɗa shi ba, wanda ya sayar ma watakila bai sani ba. Ta ce gwajin jinin Najwa ya nuna wani abu a cikinta ya fara kumbura, an tare shi da wuri, amma kada ta kuskura ta sake. Sannan ta juyo ta tambaye ni ko na san wani a unguwa da ya yi irin wannan ciwon bayan allurar, don in akwai dole ta kai rahoto. Na ce mata Allah ne masani. Ban yi ƙarya ba, amma tun ranar ba na jin daɗin sallata.

Na ɗauka tsoron asibiti zai ishi Najwa. Lahadin da ta wuce ba ta je ba, don ba ta da ƙarfin tafiya. Amma jiya Adisa ta zo dubiya da lemo, suka shige ɗaki, ina tsakar gida ina tsince shinkafa ina jin su. Ta ce mata likitoci haushi suke ji don ba ta hannunsu abin ya biyo ba, kuskuren kawai an ƙara mata layi da wuri, wannan Lahadin za a rage. Sai kuma na ji muryarki, Rafi'atu, daga wayar Adisa, kina cewa allurar nan ta cece ki. Da Adisa ta tafi na shiga na durƙusa a gaban yarinyar da na goya, na riƙe ƙafarta. Ta ɗaga ni tana kuka, ta ce Mma Ni'ima ki daina, ba kyau. Amma ba ta ce ba za ta je ba. Ta sake cewa in kawo mata mutum ɗaya.

To ga shi na kawo miki ke. Cikin shekara goma sha tara ke ce ta farko da na buɗe wa abin da na gani a ƙarƙashin zane, kuma na yi ne bayan na ce wa Imoro to. Na zaɓe ki don ke uwa ce, kina da haƙƙi, kuma kina nesa, maganar ba za ta zaga unguwar Nima ba. Ban san abin da zan ce wa Lariba ba ranar da za mu tsaya gaban Allah.

Abin da nake roƙonki, don Allah, don darajar iyayenmu, ki sake yin wani saƙon a wasap ɗin ƙungiya, da muryarki, da Hausa, yadda kowa zai ji. Ba sai kin ambaci Lariba ba, kada ma ki ambace ta. Ki faɗa musu gaskiyar yadda ake yi miki: sau nawa ake ɗibar jininki, wa ke auna miki, me aka ce ki yi in kin ji ciwon ciki. Ki ce ba ki san abin da ke cikin kwalaben Adisa ba, kuma ba ki yarda a sake kunna muryarki a kansu ba. Sannan ki kira 'yarki, ba a tsaye ba, ba kina hanyar aiki ba, ki zauna. Ki ce kin san komai, ki ce ni na faɗa, ta yi fushi da ni ba komai. Ni ta daina jin maganata a kan wannan, gani take tsoro ne irin na tsofaffi. Ke take so ta zama. In da hali ki tambayi likitocinki abin da ya dace da mai irin sukarinta, don tsoron da take ji na gaskiya ne, ba zan ce mata ta zauna haka kawai ba. Na san a baya da na fara yi miki zancen allurar nan kin yi dariya kin ce Yaya ke komai tsoro. Yanzu kin san dalilin.

In kuwa saƙonki bai zo ba, na riga na yanke abin da zan yi. Zan je ɗakin Adisa ranar Lahadi, in tsaya a gaban matan nan da Najwa, in faɗi sunan da abin da na ƙirga. Na san abin da zai biyo baya. Imoro ba zai yafe mini ba, 'ya'yansa za su ji a bakin mutane, kuma babu gidan da zai sake kirana wanka daga Nima har Maamobi, kuma suna da gaskiya, ni ma ba zan ba irina gawar uwata ba. Wannan aikin shi ne kaɗai abin da nake sa ran in tarar a gaba. Amma na auna, na sake aunawa, in aka kira ni a kan Najwa ba zan iya ɗaga zanen ba.

Ki gaishe mini da Latif da kyau, ki ce ina godiya da maganin ƙafar da ya aiko wa Yaya Amidu. Ki shafa mini kan Fu'ad da ƙanwarsa, ki ce su riƙe karatun Alƙur'ani ko da shafi ɗaya ne a rana. Ki gaida Hajiya Ayishetu maƙwabciyarki da duk 'yan Zango da ke wurinku. Yaya Amidu da Rafiq da mai jego suna gaishe ki, ba su san da wannan takarda ba. Allah Ya ƙara miki lafiya, Ya sa maganin da kike yi ya zame miki alheri har ƙarshe, Ya jiƙan Mma da Baba da Lariba, Ya rufa mana asiri duniya da lahira.

Ki tuna la'asar ɗinmu hantsinku ce, kada ki ce sai kin taso daga aiki. Ranar Lahadi zan ajiye wayar a gabana a kan tabarma tun da safe. In aka kira la'asar ban ji muryarki ba, zan yi salla in ɗauki mayafina.

Wassalam.

Yayarki mai ƙaunarki,
Ni'imatullahi